Kumfar alama a injin feshi: amsoshin tambayoyin da manoman Damagaram suka fi yi mini

Shekaru ke nan ina tuƙin tarakta, ina kuma gyaran injunan feshi a nan Damagaram, daga gonakin hanyar Mirriya har zuwa na wajen Magarya da Matamai. Tun da na ɗaura wa injina na'urar kumfa, da wuya in shiga gona in fito ba a tare ni da tambaya ba. Wani ya ɗauka sabon magani ne, wani ya ce sabulu nake zuba wa ƙasa, wani kuma ya sayo tasa ta ƙi yi masa aiki ya zo mini rai a ɓace. Ga tambayoyin nan kamar yadda ake yi mini su, da abin da hannuna ya koya mini a kansu.

Malam, mece ce wannan farar kumfa da injinka ke ajiyewa a bayansa?

Alama ce, ba magani ba ce. Injin feshi na tarakta yana da fukafukai biyu, dama da hagu, kuma irin wanda aka fi gani a wajenmu faɗinsa mita 10 ne ko 12. Idan ka yi tafiya ɗaya ka kai ƙarshen gona ka juyo, ruwan maganin da ka fesa ya riga ya bushe, ƙasa ta koma kamar ba a taɓa ta ba. To daga ina za ka ɗora? Kumfar ita ke gaya maka. Tana ɗigowa daga ƙarshen fiffike dunƙule dunƙule, kamar curin fura, ta jera layi a daidai inda feshinka ya tsaya.

Na'urar ba wani abin tsoro ba ce. Ƙaramin tanki ne daban da na magani, a ciki akwai ruwa da sinadarin kumfa. Sai ɗan injin hura iska da ke aiki da batirin tarakta mai bolt 12. Tiyo ya kai ruwan da iskar zuwa ƙarshen fiffike, su haɗu su ratsa ta cikin soso ko raga, su zama kumfa, ta taru a wani ƙoƙo mai kallon ƙasa, idan ta yi nauyi ta faɗo. Makunni yana kusa da direba, ya kunna dama ko hagu yadda ya ga dama.

Ai mu da ido muke yi tun da can. Mene ne na ƙarin kashe kuɗi?

Alhaji, ido yana aiki idan shuka ta fito kana bin layi. Amma feshin da ya fi bukatar daidaito shi ne na maganin ciyawa da ake yi a kan ƙasa tsirara, bayan shuka kafin tsiro, ko kafin shukar ma. A nan babu layin da za ka bi, sawun taya kuwa wajen mita 4 zuwa 5 yake daga ƙarshen fiffike, kuma a jigawa iska tana shafe shi.

Mu yi lissafi. Fiffike mai mita 12, a ce kowane zuwa kana hawa kan mita 1 na inda ka riga ka fesa. Ke nan mita 11 kake ci, kana biyan kuɗin 12. Asarar ta kusa kashi 9 cikin 100. A gona mai hekta 50 ka zubar da maganin hekta 4 da rabi, ga gazuwal, ga lokaci. Wannan mitar da ta sha magani sau biyu kuwa, idan wake ne ko gujiya, za ka gan ta daga baya ta yi layi rawaya, tsiron ya tsumbure. Idan kuma tsallake ka yi, ciyawa ce za ta fito ta yi maka zane a gona, ka koma neman ƴan noma.

Amma ba lissafin ne ya sa na sayi tawa ba. A da yadda muke yi shi ne a tsayar da yaro a ƙarshen gona da sanda da tsumma, direba ya nufo shi, idan ya iso yaron ya auna taku ya matsa. Wata rana da hantsi na sauko daga tarakta na tarar da yaron da ke riƙe mini tuta, ɗan mai gonar ne, bai wuce shekara goma sha biyu ba, rigarsa ta yi danshi, idanunsa sun yi ja, yana goge su da bayan hannu. Iska ce ta riƙa kai masa feshin duk juyowa, shi kuwa bai ce komai ba don kada a ce ya yi ragwanci. Daga ranar ban sake yarda wani ya tsaya mini a bakin feshi ba. Kumfa ba ta da huhu, ba ta da ido. Ko da ba ta rage mini asarar lita ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa.

Nawa ake zubawa a cikin ruwa?

Abin da ke rubuce a jikin bidon shi ne gaba da maganata, domin kaurin sinadarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Amma yawancinsu suna faɗawa ne tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Kashi 1 cikin 100 shi ne mililita 10 a kowace litar ruwa. Tanki mai lita 20 zai ci mililita 200, bido mai lita 25 zai ci 250. Idan rubutun Faransanci ne ko Ingilishi ka ga an sa 1:100, ma'anarsa ke nan. Idan ka ga 1:50, ninki biyu ne, wato mililita 20 a lita.

Ka fara da ƙaramin ma'auni, ka duba kumfar, sannan ka ƙara kaɗan kaɗan. Kuma ka auna da abin awo na gaskiya. Kofin shayi ba ma'auni ba ne, na gidanka da na gidan maƙwabcinka ba ɗaya ba ne. Babban sirinji na allurar dabbobi ya fi, ko ka sami gorar roba ka auna sau ɗaya ka yi mata zane da wuƙa ka ajiye ta don wannan aikin kaɗai. Ranar da ka dace da haɗin da ya yi maka daidai, rubuta shi a jikin tankin da fenti, har da sunan rijiyar da ka ɗebi ruwan.

Wanne ake fara zubawa, ruwan ko sinadarin?

Ruwa. Idan ka fara da sinadarin ka sako ruwa a kansa, tankin zai cika da kumfa tun bai kai rabi ba, ta yi ta ambaliya, ba za ka san ko lita nawa ka zuba ba. Cika ruwan ya kusa wuya, zuba sinadarin, ka juya a hankali da sanda mai tsabta, ko ka rufe ka bar girgizar hanya ta gauraya shi.

Na auna daidai yadda aka rubuta, amma kumfar ba ta da ƙarfi. An sayar mini da jabu ne?

Mai yiwuwa ne, amma kafin ka koma ka yi faɗa da mai shago, ka tambayi ruwanka. A cikin goma da ake kawo mini da wannan ƙorafi, mafi yawa ruwa ne. Kowace uwar gida ta san akwai rijiyar da idan aka yi wanki da ruwanta sabulu ba ya kumfa, sai ya yi ta ƙarewa a banza. Irin wannan ruwa yana ɗauke da sinadaran duwatsu, kalsiyam da magniziyam, su ne ke kama sabulu su kashe shi. Sinadarin kumfa ɗan'uwan sabulu ne, abin da ke cin wancan yana taɓa wannan. Ruwan zartsi ma haka.

Mu kuwa a jihar nan ruwa ba iri ɗaya ba ne. Birnin Damagaram kansa a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza. Ruwan ƴan rijiyoyin fadamun Korama daban, na rijiyoyi masu zurfi na Damargu wajen Tanut daban, na kwaruruwan Gure inda ake haƙar kanwa daban. Haɗin da ya yi maka kyau a Kance ba lalle ya yi a Gidimuni ba.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Sami gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, wanke ta, zuba rabin lita na ruwan da za ka yi aiki da shi, ɗiga mililita 5 na sinadarin, rufe ka girgiza sau goma, ka ajiye a inuwa. Yi haka da wata gorar da ruwan leda na sha. Ka dubi tsayin kumfar da kuma wadda ta riga zaunawa. Gani ya kori ji. Idan ta ruwan leda ta tashi ta rijiya ta kwanta, sinadarinka lafiya lau, ruwan ne. Idan dukansu sun kwanta, to yanzu kana da hujjar komawa shago.

Maganin ruwa mai kashe kumfa biyu ne: ka ƙara sinadarin zuwa wajen kashi 2 cikin 100, ko ka sauya ruwa. Na biyun ya fi araha, tunda lita 20 ko 40 kawai kake bukata, ba tankin magani za ka cika ba. Ni da damina ruwan indararo nake tara wa na'urar a bido biyu, bayan ruwan farko ya wanke ƙurar kwano. Babu ruwan da ya kai shi kumfa.

Ruwan tafki kuwa matsalarsa laka. Ko ya yi kumfa zai toshe matata da soso. Idan babu wani sai shi, ɗebo tun da yamma ya kwana ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka tace da ƙyalle ninki biyu.

Akwai abu na uku da ba a cika tunawa da shi ba, shi ne mai. Wata shekara a wata gona kudu da Mirriya na kwashe safiya guda ina kwance tiyo ina hura soso, kumfa ta ƙi. Sai da na sa hanci a bakin bidon da aka ɗebo mini ruwa na ji warin gazuwal. An ɗauraye shi, amma ɗan maiƙon da ya rage ya isa ya kashe haɗin lita 20. Sai da na wanke tankin sau uku kafin ta dawo. Gazuwal, baƙin mai, man gujiya, duk abokan gabar kumfa ne. Bidon na'urar ya zama nata ita kaɗai.

Kumfar tana fita da kyau, amma kafin in juyo ta ɓace. Yaya zan yi?

Wannan ita ce babbar jarabawar kumfa a ƙasarmu. Abu uku ke cinye ta: zafi, bushewar iska, da kaɗawarta. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, yashi kuwa ya fi haka zafi, dunƙulen kumfa na sauka ya fara narkewa ta ƙasa. Da hunturu babu zafin, amma iskar ta bushe ƙayau, tana tsotse ruwan kumfar tana kuma mirgina ta.

Ka fara sanin minti nawa kake bukata. Tarakta mai tafiyar kilomita 6 a awa tana cin mita 100 a minti ɗaya. Gona mai tsawon mita 300, zuwa minti 3 ne, dawowa minti 3. Dunƙulen da ka ajiye a ƙarshen layi za ka same shi sabo, amma wanda ka ajiye a farko sai bayan minti 6 da ɗoriya za ka dawo kansa. Ke nan kumfar da ta yi minti 10 ta ishe ka. Idan gonar mita 800 ce, kana neman wadda za ta kai kusan minti 20, wannan kuwa da rana tsaka a Damagaram sai a hankali.

Abin da nake yi shi ne in raba doguwar gona gida biyu, in gama rabi in koma rabi. Ina ƙara kaurin haɗin kaɗan. Ina kuma daidaita na'urar ta riƙa sakin manyan dunƙule jefi jefi maimakon ƙanana a jere, domin babban curi ya fi daɗewa, cikinsa yana fakewa da bayansa. Tankin ma ina lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta dafa haɗin.

Amma gaskiyar magana, ɗan'uwa, lokacin da kumfa ta ƙi zama, maganin ma ba lokacinsa ba ne. Zafin da ke cinye kumfa shi ke busar da ɗigon magani kafin ya sauka, iskar da ke mirgina ta ita ke kai feshinka gonar maƙwabci. Fito bayan sallar asuba ka yi aiki zuwa hantsi, ka huta, ka koma bayan la'asar idan iska ta kwanta. Ni na mai da kumfar ma'aunina: ranar da na ga tana gudu a kan yashi, kashe injin nake yi.

Wani lokaci ta fito ruwa ruwa, wani lokaci kamar auduga iska ta ɗauke ta. Wacce ce daidai?

Babu ko ɗaya. Mai ruwa ruwa tana nufin ruwa ya yi yawa a kan iska, ko sinadarin ya yi kaɗan, ko soson ƙoƙon ya mutu. Rage bawul ɗin ruwa, ka duba ko injin iskar yana hurawa da ƙarfinsa. Mai kama da auduga kuwa iska ce ta rinjayi ruwa, sai ka buɗe ruwan kaɗan. Wadda ake so ita ce mai kama da kumfar aski: ka ɗebo a tafin hannu ka kife, ta ɗan riƙe kafin ta faɗi, idan ta faɗi ta tsaya a dunƙule ba ta baje ba. Bayan kowane gyara ka jira minti ɗaya ko biyu, sai tsohon haɗin da ke cikin tiyo ya fice kafin ka ga sakamako. Masu gaggawa a nan suke rikicewa, su murɗa nan su murɗa can har su manta inda suka faro.

Sinadarin yana da wuyar samu. Ba zan iya sa sabulun ruwa ko Omo ba?

Sabulun ruwa na wanke kwanuka yana yin kumfa, ba zan ce maka ba ya yi ba, na sha fita kunya da shi ranar da nawa ya ƙare a daji. Sai dai kumfarsa ba ta jure rana. An yi shi ne don ya cire maiƙo, ba don ya zauna a kan yashi ba, shi kuwa sinadarin alama an ƙara masa abubuwan da ke riƙe ruwa a jikin kumfa. Da sanyin safiya a gajeriyar gona zai kai ka. Za ka zuba fiye da na ainihin, kuma ɗan gilisarin da ake samu a kantin magani yana ƙara masa daɗewa. Sabulun ruwan da matanmu ke haɗawa a gida suna sayarwa a gorori kaurinsa ba ya zama ɗaya, don haka duk sabuwar gora sai ka sake gwajin girgizawa.

Omo da sauran sabulun gari kada ka kusance su. Ba sa narkewa duka, garin yana taruwa a bawul da matata, ya bushe ya zama kamar siminti. Sabulun sanda ma haka, da ya gamu da ruwan rijiya sai ya yi dusa dusa ya toshe soso. Araha ba ta ado: abin da ka rage a sabulu za ka biya shi a kayan gyara da ba a samunsu a Kasuwar Dole ta Damagaram.

Kada kuma ka haɗa sinadarai iri biyu a tanki ɗaya. Wasu ba sa jituwa, su yi kauri ko su kashe juna. Za ka sauya iri, ɗauraye tukuna.

Ƙasarmu fara ce, ba na hango kumfar daga kan tarakta.

Akwai launi da ake sayarwa don wannan, galibi ruwan hoda ko shuɗi, ana ɗiga kaɗan a haɗin. A farin yashi da tsakanin kararen hatsi ruwan hoda ya fi fitowa. Ka sa wanda aka yi don kumfa. Shunin rini da garin launi suna iya kashe ta ko su toshe matata, idan kuwa dole ne, gorar gwaji tana nan.

Wane gefe ake kunnawa, kuma a ina zan sa fiffike idan na juyo?

Gefen da ba a fesa ba tukuna. Idan sauran gonar tana damanka, kunna dama. Ka juyo, sauran gonar ta koma hagunka, sai ka mayar hagu. Duk juyi sai an sauya, kuma a sauya tun ana cikin kwana, domin kumfa tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta cika ƙoƙo.

Wajen ɗaurawa kuwa, kawunan feshi a yawancin fukafukai tazararsu santimita 50 ce, shi ya sa mai mita 12 yake da kai 24. Ka ɗaura ƙoƙon kumfa santimita 25 a waje da kan ƙarshe. Idan ka dawo ka bi da ƙoƙon ɗaya gefen a kan layin kumfa, tazarar kan ƙarshe na zuwa da na dawowa za ta zama santimita 50 cif, kamar fiffike ɗaya ne ya yi aikin. Ka tabbata feshin kan ƙarshe ba ya dukan kumfar tana faɗowa, yana narkar da ita. Kuma kada ka tuƙa kana kallon ƙarshen fiffike kaɗai, wuyanka zai gaji layin ya karkace. Hango layin kumfar can gaba, ka riƙa satar kallon gefe.

Tana cutar da shuka ko dabba? Zan iya zuba ta cikin tankin magani?

A ma'aunin da ake aiki da ita, ɗan dunƙule nan da can ba ya yi wa shuka komai. Amma kada a ce tunda sabulu ce babu laifi. Kumfar da ke kwance a gona tana gefen feshi, magani ya sauka a kanta. Yara kuwa da sun hango ta sai su rugo su ɗiba su shafa wa juna, musamman mai launi. Kafin in fara aiki nakan ce wa mai gona, baba, a tsare yara da awaki har mu gama, a kuma kiyaye kwanakin da takardar maganin ta ce kada a shiga.

Sinadarin da ba a sirka ba yana ƙona ido. Idan ya fantsama, a wanke da ruwa mai yawa na kamar minti 15, idan zafin bai daina ba a tafi likita da bidon a hannu. Kada a ɗura shi a kwalbar lemo, mai ruwan hoda yana kama da abin sha a idon yaro. Ragowar haɗi da ruwan ɗauraya kada a zuba su a tafki ko kusa da bakin rijiya, irin waɗannan sinadarai suna cutar da kifi.

Tankin magani kuwa ba wurinta ba ne. Zai cika da kumfa, famfo ya riƙa jan iska, awon feshinka ya lalace. Haka nan magani ba ya shiga tankin kumfa.

Haɗin jiya da ya rage, zan iya aiki da shi yau?

Na jiya yana yi, ka girgiza shi. Wanda ya kwana uku ko huɗu a zafin nan ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci har ya yi yauƙi. Ka haɗa na yini ɗaya. Idan za ka ajiye injin, zuba ruwa zalla ka kunna dama da hagu har ya fito fari, ka cire soso ka wanke ka shanya a inuwa. Bidon sinadarin a ɗaki mai inuwa, a rufe ruf, ba a kan tarakta ba.

Na kunna, ko ɗigo babu. Daga ina zan fara?

Daga kunne. Injin iskar yana ƙara? Idan shiru, duba fiyus, sannan wayar da ke kan batir, sannan makunni. Idan yana ƙara amma babu ƙarfi, buɗe matatar iskarsa. Ƙurar hunturu tana shaƙe ta, ni a lokacin aiki duk sati nake kakkaɓe tawa. Daga nan murfin tanki: akwai na'urorin da iska ce ke matsa ruwan ya fita, idan robar murfin ta tsage iskar sai ta gudu. Irin waɗannan a buɗe murfinsu a hankali, a bar iska ta fita tukuna, kada haɗin ya watso a fuska.

Sai ka bi tiyo da hannu tun daga tanki har ƙarshen fiffike. Wurin da fiffike ke naɗewa nan tiyo ya fi lanƙwashewa ko tsagewa, rana kuma tana busar da roba. Idan gefe ɗaya yana yi ɗaya ba ya yi, laifin yana bawul ɗin da ke raba dama da hagu ko a tiyon wannan gefen. Injin da ya yi rani a ajiye, ka leƙa bakin ƙoƙon da na tiyo, zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki.

Duk wannan a yi shi a watan Mayu a tsakar gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma maganin da ake fesawa kafin tsiro kwanakinsa ƙididdigaggu ne bayan shuka.

Ni injin goyo nake da shi mai lita 16. Akwai kumfar da zan sa?

Ba ka bukatarta. Mafi yawan manomanmu injin goyo suke ɗauka, faɗin feshinsa bai wuce taku ɗaya ko biyu ba. Kara ya ishe ka. Auna faɗin feshinka, ka kafa kara a bakin gona biyu a wannan tazarar, ka nufi na gabanka, ka iso ka tuge shi ka matsar. Igiya mai tsawo ma tana yi. Abin da na roƙe ka shi ne kara ya tsaya maka, ba ɗanka ba.

Masu feshin fara ma da ita suke aiki? Kuma wayar hannu ba za ta maye gurbinta ba?

Feshin fara wani fanni ne daban. Motocin da ma'aikatar kare tsirrai ke fitarwa idan fara ta sauka suna sakin magani ne ƙanana ƙananan ɗigo, wajen lita 1 a hekta, iska ce ke ɗaukarsa ta shimfiɗa shi mita da yawa daga motar. Iyakar feshin ba ta kusa da motar, saboda haka babu inda za a ɗiga kumfa. Su da tutoci da na'urar tauraron ɗan'adam suke aiki.

Akwai irin wannan na'ura ta tarakta, mai nuna wa direba layi a allo, ba ruwanta da zafi ko iska, kuma a manyan gonakin duniya ta karɓe aikin kumfa sosai. Wanda ke da hali da gona mai faɗi ya saya. Amma wayar hannu ita kaɗai kuskurenta yana kai mita uku zuwa biyar, kai kuwa rabin mita kake nema. Kumfa kuma idan ta lalace makaniken unguwa zai gyara ta da filaya da ɗan tiyo.

Idan zan saya, me zan duba?

Kafin kuɗi su fita, tambayi mai sayarwa ko yana kawo soso, bawul da sinadarin a kai a kai, domin na'urar da babu abincinta kwalliya ce a kan tarakta. Yawancin kayan ta Kano suke shigo mana, don haka ka yi odar sinadarin damina tun da rani. Duba bidon: a rufe da hatiminsa, da ma'aunin haɗi a rubuce, da kwanan wata. Wanda aka ɗura a gora babu takarda, sai ka gwada shi a gabansa. Idan rubutun ya gagare ka, ma'aikatan gona na gunduma ko na zauren manoma na jihar Damagaram za su karanta maka, su kuma duba maka ko maganin da za ka fesa yana cikin waɗanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ya amince da su.

Ranar da za ka je shagon, tafi da gora biyu: ɗaya da ruwan rijiyar gonarka, ɗaya da ruwan leda, da sirinjinka a aljihu.